Karkiyar Rumfar Maliki

Sabon Birni, 4 ga Maris, 1956

Zuwa ga taubashina kuma ƙanin maigidana, Malam Attahiru, malamin kotu a Isa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rahmatu da yara. Ka gai da Baffa Lawwali, ka ce muna yi masa addu'a kan ciwon gwiwa. Mu nan lafiya lau, in ana kiran halin da yayanka ke ciki lafiya.

Bayan haka, Attahiru, yau wata uku ke nan da yayanka ya ajiye aikin allurar shanu. Shekara talatin da ɗaya yana bin ruga-ruga da akwatin allurai. Ranar da ya mayar da akwatin aka yi jawabi, aka tafa, kowa ya watse. Tun daga ranar ban ga ƙafar mutum ɗaya daga Isa a zaurenmu ba, alhali motar kasuwa tana zuwa kowane mako.

Bari in gaya maka yadda yake yini, tun da ba ka tambaya ba. Bayan sallar asuba sai ya sa kakinsa, ya ɗaure takalmi, ya fito zaure da sauri. A nan yake tunawa ba inda za shi, sai ya zauna. In garke ya wuce ya bi shi da ido, ya ce, "Wancan maraƙin shina ɗingishi." Bango yake gaya wa, don ba kowa a wurin. In na dawo daga ajin matan da nake koya wa karatu, sai in karanta masa jarida. In na tsaya a tsakiyar labari ba ya lura. Tuwo kuwa loma uku ne. Sau biyu ina rage masa zariyar wando.

Ba ciwo ne da shi ba, balle in nemi magani. Zama ne ke cinsa. Ka ajiye alƙalamin nan kwana biyu ka zo ka ga ɗan'uwanka, shari'ar akuya da kaza za ta jira ka.

Ni ce matar yayanka,
Tasalla

Isa, 19 ga Maris, 1956

Zuwa ga Tasalla, uwar faɗa.

Takardarki ta iso, har ta ƙona mini yatsu kafin in buɗe. Duk muna lafiya, gwiwar Baffa da sauƙi, Rahmatu tana gaishe ki.

Ke dai ba ki iya ganin mutum zaune ba. Yaya Na'Allah ya sha rana, ya sha harbin shanu, yanzu Allah ya kawo shi hutu, kina neman ki tayar da shi. Dattijo ɗan gidan malamai in ya bar aiki, abin da ya kamace shi buzu ne da tasbaha da littattafan mahaifinmu. Ki kakkaɓe masa su. Zai saba.

Aiki ya yi yawa a kotu, ga azumi ya matso. Za ni zo bayan Salla in Allah ya yarda. Ki rage masa surutu, ƙila shi ne ya hana shi cin tuwon.

Taubashinki,
Attahiru

Sabon Birni, 25 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Attahiru.

Barka da shan ruwa. Ina fata azumi bai sa ka barci a gaban alƙali ba. Ka gai da mutanen gida.

Shawararka ta buzu na gode, na ajiye ta inda nake ajiye tsumma. Allah ya kawo mafita ba ta hannunka ba.

Akwai wata rumfa a bakin kasuwa, ta Maliki maƙeri. Ɗiyansa duk sun tafi Gusau neman aiki sun bar shi da zugazugi. Tsofaffi biyu suna taya shi zama: Saje Ibrahima, wanda ya koyi sassaƙa da aikin katako a soja, da Ɗan'auta baduku. Suna gyara garmar shanu, irin wadda manoma suka fara saye 'yan shekarun nan.

Kwana uku kafin azumi wani manomi daga Unguwar Lalle ya kawo garmarsa gyara, ya ɗaure sansa a jikin rumfar. Wuyan san duk gyambo, ƙuda sun rufe. Saje ya tako har zaurenmu, ya tsaya ƙyam ya ce, "Malam, tashi. An ce kai ka san shanu. Zo ka gaya muna mi ke cin wuyan wanga sa." Ba sallamar kirki, ba lallashi. Yayanka kuwa ya miƙe ya bi shi kamar mai jiran kira.

Ya shafa wuyan, ya ce a kawo karkiyar, wato itacen da ake ɗora wa shanu biyu a wuya su ja garma. Yana gani ya ce, "Wanda ya yi wannan bai taɓa ganin tozo ba." Miƙaƙƙen katako ne na kanti, yana goge fata a gindin tozo har ta tsage. Ya ce wuyan sa kamar ƙafar mutum ne, kowa da takalminsa. Maliki ya ce, "To ka auna muna mana, mu mu yi." Suka raba aiki nan take. Malam zai auna wuya da igiya ya zana a ƙasa, Saje ya sassaƙa, Maliki ya ƙera zobe da ƙusoshi, Ɗan'auta ya yi matashin fata.

Attahiru, da ka ga ɗan'uwanka! Da hantsi ya fita, sai la'asar sakaliya. In aikin awo ya ƙare, shi ke yi wa Maliki zuga. Yana dawowa hannu baƙi ƙirin, riga duk toka, ga ƙuna a babban yatsa. In an sha ruwa yana cin tuwo kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Jiya ya shigo yana dariya shi kaɗai, wai Ɗan'auta ya laƙaba masa suna Likitan Tozo. Rabon da in ji dariyarsa tun kaka.

Ni ce,
Tasalla

Isa, 6 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Tasalla.

Bayan gaisuwa. Wannan karon ba wasa a takardata.

Na karanta taki sau uku. Hannu baƙi, riga da toka, yana cin abinci kamar wanda ya kwana uku da yunwa. Ashe abin ya kai haka a gidan ba ki faɗa ba? In hatsi ya ƙare, rumbunmu yana nan. Mi ya sa za ki bari ya je ya yi wa maƙeri ƙwadago?

Kuma ba takardarki kaɗai ba. Wani falke ya tsaya a ƙofar masallaci, cikin mutane, ya ce wa Baffa Lawwali, "Na ga ɗanku Na'Allah durƙushe shina zuga." Kakanmu limami ne, mahaifinmu mai makaranta. Ƙira gado ce ta masu ita, ba mu raina su ba, amma ba tamu ba ce. Gobe wa zai nemi auren ɗiyanmu bai ji wannan magana ba?

Baffa ya yanke magana. An gyara ɗakin mahaifinmu. Yaya zai dawo Isa ya zauna cikin danginsa kafin damina ta yi nisa. Kin san bai taɓa musa wa Baffa ba. Ki fara ɗaure kaya.

Attahiru

Sabon Birni, 17 ga Mayu, 1956

Zuwa ga malamin kotu.

Barka da Salla. Na ga ka zo kamar yadda ka yi alkawari, sai dai idona ne bai gan ka ba.

Sau uku ka karanta takardata, sau uku ka kasa gane ta. Allah ya jiƙan waɗanda kake rubuta wa shari'a. Na ce mutum yana cin tuwo da daɗi, ka karanta yunwa. Rumbunmu cike yake, zo ka leƙa. Ba ƙwadago yake yi ba, abokai ya samu.

Wata huɗu yana narkewa a zaure ba wanda ya ji kunya a Isa. Sai da ya miƙe, jini ya dawo fuskarsa, sannan kunya ta kama ku. Na karanta littattafan mahaifinku fiye da kai, tun da a hannuna suke, ban ga inda aka ce hura wuta yana karya alwalar zuri'a ba. Fartanyar da ake nome gonar Baffa da ita, limami ne ya ƙera ta?

Ban ɓoye masa takardarka ba. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "In Baffa ya ce in tahi, za ni tahi." Ranar bai je rumfa ba, bai taɓa tuwo ba. Washegari su ukun suka zo da kansu. Maliki ya ce, "Likita, wuta ta mutu, ni kuma ba ni da hannu uku." Da ƙyar ya bi su.

Ga abin da nake roƙo. Karkiyar farko ta kusa ƙarewa. Da ruwan shuka ya sauka za a gwada ta a Unguwar Lalle, a kan shanun manomin nan. Ku jira ku ji yadda za ta kasance. Kaya kuwa ba za ni ɗaure ko tsintsiya ba.

Tasalla

Sabon Birni, 11 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Attahiru.

Gaisuwa. Gara ka ji daga bakina kafin fatake su ƙara gishiri. Gwajin ya lalace.

An yi ruwa, an taru a gona, har da mai unguwa. Aka ɗaura wa shanun karkiya, ta zauna daram. Manomin yana cewa "mu je" sai babban san ya yi hagu, ƙaramin ya yi dama, suka sarƙe da juna, suka fizge garma, suka ratsa cikin mutane. Saje ya faɗa a taɓo da lambobin yaƙinsa a ƙirji. Darnin mai unguwa ya tafi. Ba wanda ya ji rauni, amma an yi dariya har da riƙe ciki. Yayanka ya dawo ya shige ɗaki.

Su huɗun sun yi kwana biyu suna laluben laifi a jikin itace. Ni na samo shi, a ajina. Matar manomin, Kande, ɗalibata ce. Na ja ta gefe, ta ce, "Malama, ai shanun kowanne da gefensa. Tun suna 'yan maruƙa ƙaramin ke dama, babban ke hagu. In an sauya musu ba su tafiya."

Ka ji fa. Tsofaffi huɗu, ba wanda ya taɓa riƙe garmar shanu a cikinsu. Da za su sassaƙa, sai suka ba babban sa dama, don a wurinsu babba ke tsayawa dama, ko a sahu ko a fareti. Karkiyar kuma tana da gaba da baya, ba ta juyuwa. Na ce wa Kande, "To mijinki makaho ne? Bai gani ba lokacin da ake ɗaurawa?" Ta ce, "Ya gani, Malama. Ya ce ina shi ina gyara wa dattawa huɗu a gaban jama'a." Ladabi ya hana shi magana, ladabi ya rushe darni. Na kusa fasa allo don haushi.

Da na gaya musu, Maliki ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Saje ya ce, "Sa bai san girma ba, shi ke nan." Sun sari sabon itacen aduwa. Yanzu tambayar farko da Malam ke yi wa mai shanu ita ce, "Wane ke dama?" Ɗan'auta kuma zai riƙa ɗinka jar fata a gefen dama don kada a sake. Ka gaya wa Baffa ya ƙara mana kwana goma.

Tasalla

Isa, 14 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Tasalla.

Bayan gaisuwa. Mako huɗu ba takardarki. An ce gulbi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa, amma labari ya ƙetare. Duk Isa an san abin da ya faru a Unguwar Lalle, har ana kwaikwayon faɗuwar sojan a kasuwa. Shirunki ya nuna mini ke ma kin sallama.

Baffa ya ce a ɗaura masa sirdi, da gwiwar tasa da komai. Da ruwa ya ja baya zai taso, kuma ba zai dawo shi kaɗai ba. Don Allah ki kama bakinki a gabansa.

Attahiru

Sabon Birni, 28 ga Yuni, 1956

Zuwa ga taubashina Attahiru.

Gaisuwa da fatan shuka ta tsira. Takardunmu sun yi saɓani a bakin gulbi, tawa ta kwana tara a aljihun direba. Ni in sallama? Ba ka san ni ba har yau.

Baffa ya iso ranar Lahadi da la'asar. Yayanka ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya ce, "Na'Allah, jibi za mu tahi gida." Ya ce, "To, Baffa." Ina bayan ƙyaure ina ji. Na kama bakina kamar yadda ka ce, amma muciya ta karye a hannuna.

Da safe sai ga su ukun a ƙofar zaure, Saje da sabuwar karkiya a kafaɗa. Maliki ya tuɓe takalmi ya gai da Baffa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba mu zo jayayya ba. Ɗanku ne, ku ke da iko da shi. Aro muka zo, na yini ɗaya. Shanun ga sun tsorata, ba mai iya taɓa wuyansu sai shi." Baffa ya dube shi ya ce, "Kai ne maƙerin?" Ya ce, "Ni ne, tun kakan kakana." Baffa ya ce, "Za ni bi ku in ga abin da ake kunyata mu a kansa."

Manomin ya kawo shanun wata gona a bayan gari. Ni da matan ajina muka tsaya daga nesa a gindin tsamiya. Mutane sun fi na farko yawa, don duk dariya suka zo yi. Malam ya matsa wurin babban san yana yi masa magana da Fillanci a hankali, yana shafa tozon, har ya sunkuyar da kai. Ya sa ƙaramin a gefen jar fata. Ya juya ya ce wa manomin da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ɗana, duba da kyau. In mun yi kuskure ka faɗa, kada ka ji nauyin furfura." Manomin ya zagaya ya ce, "Daidai ne, Baba."

Attahiru, suka tafi sak kamar an ja zare. Suka kai ƙarshen gona, suka juyo, suka sake. Masu jiran dariya suka gaji da tsayuwa suka zauna. Har azahar ana huɗa. Da aka kwance karkiyar, Baffa ya sa a riƙe shi ya tako, ya sa tafinsa a wuyan kowane sa, ya duba tafin. Gumi ne kawai, ko gashi bai tuje ba. Kande ta rangaɗa guɗa, ni ma ban san lokacin da tawa ta fita ba.

Wani ardo da ya zo kallo ya ce wa Baffa, "Shekara talatin in mun hango wanga mutum da akwatinsa muna kora shanu daji. Yau ga mu muna bin sa."

Baffa bai yi murmushi ba. Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Gobe da sassafe za mu kama hanya." Yayanka ya durƙusa a cikin huɗar, gwiwa a taɓo, ya ce, "Baffa, ka gafarce ni. Ban taɓa ce maka a'a ba, yau za ni ce. Shanu goma sha huɗu ke jiran awo, daga nan har Tozai. A Isa ba abin da ke jira na sai ɗaki."

Baffa ya dube shi. Ya ce, "An ce kai ke zuga." Na ce a raina, ya Allah kada ya yi ƙarya. Ya ce, "Ni ne, Baffa. Abokina ba shi da mai yi masa." Baffa ya kama hannun rigar yayanka ya murza, ya ga inda tartsatsi ya huda. Ya ce, "Wagga riga ta ubanka ce. In za ka zuga, ka riƙa tuɓe ta." Ya juya ya ce a kawo masa dokinsa.

Kwana biyu ya ƙara, kuma a rumfar ya yi su, yana gardama da Saje kan yadda ake riƙe gizagon sassaƙa. Ya taso jiya shi kaɗai. Ka tare shi da ruwan zafi saboda gwiwar.

Ni ce wadda ba ta ɗaure ko tsintsiya ba,
Tasalla

Isa, 9 ga Yuli, 1956

Zuwa ga matar Yaya.

Gaisuwa da ban girma, ki lura na ce ban girma. Baffa ya iso lafiya. Falken nan ya sake tare shi a ƙofar masallaci, Baffa ya ce masa, "Ƙwarai shina zuga. Kana da sa? Kai masa." Na yi kuskure, ki gaya wa Yaya. Ke kuma kada ki sa a yi shela.

Akwai maganar da ban gaya wa ko Rahmatu ba. Saura mini shekara biyu in ajiye alƙalami. Da na karanta takardarki ta farko, ta kakin nan da zaure, kaina na gani, shi ya sa na amsa miki da wasa. Ban san wuyan sa ba, ban san ƙarfe ba, ban iya komai ba sai rubuta abin da wasu suka faɗa. Ki tambaya mini a asirce, ko rumfar tana da abin da irina zai yi.

Attahiru

Sabon Birni, 16 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Attahiru.

Muna lafiya, gero ya kai gwiwa. A asirce ka ce, amma rumfar ba ta da bango, don haka na tambaya a gaban kowa.

Ɗan'auta ya ce idonsa ya fara gajiya, yana neman mai zura masa zare da riƙe masa fata. Saje ya ce zai koya maka gizago in ka yi alkawarin ba za ka yi kuka ba. Maliki ya ce kowa da zuga yake farawa, ko ɗan limami ne. Yayanka kuwa sai ya tashi ya matsar da buzunsa gefe, ya auna wurin da ya rage da taki, ya ce zai ishe ka.

Kada ka jira shekara biyu. Ka zo Babbar Salla ka fara koyo. Ka taho da tabarmarka, don a can ba a shimfiɗa ta baƙo.

Wassalam.
Tasalla